Bindiga ɗaya ko biyu? Zaɓen bindiga da madubin saiti don farautar barewa da dabbobin ɓarna a Amurka

Wanda ya shiga shagon kayan farauta a Amurka ya ce yana son bindiga ɗaya da zai harbi barewa da kaka, ya kuma riƙa maganin dabbobin ɓarna da ita sauran watannin shekara, abu biyu yake nema da ba sa ga maciji da juna. Barewar can mai farar wutsiya, namijinta yakan kai kilo 60 zuwa 130, kuma wurin da ake so a sama, wato huhu da zuciya, faɗinsa inci 8 zuwa 10 ne. Galibi a ƙasa da yadi 200 ake harbinta, da asuba ko dab da magariba, kuma harbi ɗaya ne. Dabbobin ɓarna kuwa iri-iri ne. Akwai koyoti, wani ɗan'uwan dila mai kilo 10 zuwa 20 da ke addabar masu tumaki. Akwai babban kuregen rami da ke lalata gonaki a jihohin gabas irin su Fensilbeniya da Ohayo. Akwai kuma ƙaramin kuregen da suke kira karen fili, mai kilo ɗaya ko kusa da haka, wanda ke zaman gari-gari a filayen Dakota ta Kudu da Wayomin da Montana. Shi wannan na ƙarshe faɗin jikinsa bai wuce inci 3 ba, a yadi 300 ake harbinsa da rana tsaka, kuma maharbi yakan ƙona harsashi ɗari biyu ko uku a yini.

Saboda haka tambayar farko ba ta sunan kamfani ba ce. Wace dabbar ɓarna kake nufi, kuma harsashi nawa za ka harba a shekara? In koyoti ne da kuregen gona jefi-jefi, bindiga ɗaya ta isa. In zaman karen fili ne, ba za ta isa ba, kuma dalilin zai zo a gaba.

Doka ce ke fara tankaɗe zaɓin. A Kolorado ba a yarda a harbi barewa da harsashin da kaurinsa bai kai .24 na inci ba, nauyinsa kuma dole ya kai giren 70 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Bajiniya ta sa iyakarta a .23. Wannan kaɗai ya fitar da bindigogin .223 da .22-250, waɗanda kaurin harsashinsu wajen .22 na inci ne, daga lissafi a waɗannan jihohi. Ohayo da Ayowa sun fi haka tsauri ta wata fuska: irin kwanson harsashi mai miƙaƙƙen jiki suka fi amincewa da shi, shi ya sa .350 Legend da Winchester ta fitar a 2019 ta samu kasuwa a can, amma ita ba ta nisa ba ce, ba ta da amfani ga ƙaramar dabba a yadi 300. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma tun 1 ga Yulin 2019. A Ingila ma, ga manyan barewa, doka ta ce .240 zuwa sama, da ƙarfin duka 1,700 a bakin bindiga bisa ma'aunin ft-lb da ake rubutawa a jikin kwali. Mai karatu a Najeriya ya sani cewa lamarin daban ne: dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin irin wannan bindiga a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, lasisin adaka kuma a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha, kuma dabbobin da ake magana a kansu a nan ba na dajinmu ba ne.

Girman harsashi

Giren ma'aunin nauyin harsashi ne, giren 15 da ɗoriya ke yin giram ɗaya. Gudun kuma da ƙafa a sakan ake rubuta shi.

.223 Remington, wadda ta shiga kasuwa a 1964, tana tura harsashi mai giren 55 da gudun ƙafa 3,240. Ƙarfin dukanta a bakin bindiga wajen 1,280 ne. Harsashinta ya fi na kowa araha, shurinta a kafaɗa bai taka kara ya karya ba, har mutum yakan ga inda harsashinsa ya sauka ta cikin madubi, bututunta kuma yana daɗewa. Ga dabbobin ɓarna zalla, zuwa yadi 300, babu abin da ya fi ta dacewa da aljihu. Ga barewa kuwa a bakin gaɓa take. Maharba da yawa suna bin ƙa'idar cewa ƙarfin duka ya kai 1,000 a wurin da harsashi ya sami dabba, ita kuwa .223 tana faɗowa ƙasa da haka tun wajen yadi 100. Tana kashe barewa in an yi amfani da harsashi mai ƙwari mai giren 62 zuwa sama, aka kuma sami gefen haƙarƙari daidai. Amma ba ta yafe kuskure. Wani abin lura: kada a sa harsashin soja na 5.56 a bindigar da aka rubuta wa .223 kawai, matsin da yake haifarwa ya fi abin da aka yanka ɗakin harsashinta dominsa.

.22-250 Remington, ta 1965, harsashin iri ɗaya take turawa amma da gudun ƙafa 3,680. In an saita ta a yadi 200, faɗuwar harsashinta a yadi 300 wajen inci 5 ne, inda ta .223 take wajen 7. Masu farautar koyoti suna ƙaunarta saboda haka. Matsalarta ga mai son haɗa aiki biyu ita ce yawancin bututunta an yi su ne don harsashi mara nauyi.

.243 Winchester, ta 1955, kwanson .308 ne aka matse wuyansa ya karɓi harsashi mai milimita 6. Ita ce aka yi musamman don wannan tambaya. Tana ɗaukar harsashi daga giren 55 har zuwa 100 ko fiye. Mai giren 100 yana fita da gudun ƙafa 2,960 da ƙarfin duka wajen 1,950, kuma yana riƙe da fiye da 1,000 har yadi 300. Mai giren 58 ko 70 kuwa yana gogayya da .22-250 wajen miƙewa. Shurinta kusan rabin na .308 ne. Ta cika sharuɗɗan Kolorado da Bajiniya da Ingila.

6.5 Creedmoor, wadda Hornady ta fito da ita a 2007, ta fi .243 ga barewa. Harsashinta mai giren 143 yana tafiya da gudun ƙafa 2,700, dogo ne siriri, iska ba ta kaɗa shi sosai. A yadi 300, iska mai gudun mil 10 a awa daga gefe takan kauce da shi wajen inci 6, alhali ta kauce da na .223 fiye da inci 10. Sai dai ga ƙananan dabbobi ta yi yawa, harsashinta mafi sauƙi wajen giren 95 ne, kuma wanda ke son sayar da fatar koyoti zai tarar da ƙaton rami a jikinta. .308 Winchester ta 1952 ta ƙara nisa a wannan hanya: giren 150, gudun ƙafa 2,820, ƙarfin duka wajen 2,650. Bindigar barewa ce har da manyan dabbobin da suka fi barewa, ana samun harsashinta a kowane shago, amma babu mai zama ya harba ta sau ɗari biyu a yini ya tashi kafaɗarsa lafiya. Tun kafin kafaɗa ta gaji ma, ido yakan fara runtsewa, hannu ya riƙa zabura kafin harsashi ya fita, saiti ya lalace. Wannan zabura ita ce babbar illar shuri, kuma in ta kama mutum tana da wuyar raba shi da ita.

In aka ce a zaɓi ɗaya don aikin biyu, .243 ce. In barewa ce kashi tara cikin goma, koyoti kuma sai wanda ya gifta, 6.5 Creedmoor ta fi.

Murɗin bututu, abin da mai shago ba ya yawan ambata

A cikin bututun bindiga akwai layuka da aka sassaƙa a murɗe, su ke sa harsashi ya riƙa juyi kamar katantanwa don ya tafi da kansa a gaba. Ana rubuta murɗin kamar haka, 1:10, ma'ana zagaye ɗaya a cikin inci 10. Dogon harsashi yana buƙatar murɗi mai sauri, wato ƙaramar lamba. In murɗin ya gaza, harsashi yakan yi tangaɗi a iska, a je duba takarda a tarar ya huda ta a kaikaice, ramin ya yi tsawo maimakon ya zama da'ira.

Tarihin .243 kansa darasi ne a kan wannan. A shekarar da ta fito, 1955, Remington ta fitar da kishiyarta, .244, wadda ta ma ɗan fi ta ɗaukar albarushi. Amma murɗinta 1:12 ne, na Winchester kuwa 1:10. Na Winchester yana daidaita harsashi mai giren 100 mai tsinin kai, na Remington iyakarsa wajen giren 90. Maharban barewa suka juya wa .244 baya. A 1963 Remington ta sauya mata suna zuwa 6mm Remington, ta mayar da murɗin 1:9, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Don haka a duba lambar kafin a biya kuɗi. Yawancin bindigogin .243 suna tsakanin 1:9 da 1:10, wasu sababbi 1:8. Tsohon murɗin .22-250 kuwa 1:14 ne, na .223 1:12, kuma duka biyun ba sa riƙe dogon harsashin da ya dace da barewa. Mai son gwada .223 a kan barewa a jihar da ta halatta, ya nemi 1:8 ko 1:9. Harsashin jan ƙarfe zalla, irin wanda Kalifoniya ta tilasta, ya fi na dalma tsawo a nauyi ɗaya, don haka a .243 mai murɗin 1:10 gara a tsaya a giren 80 ko 85.

Ƙirar harsashi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan ne kuskure ya fi muni. Harsashin dabbobin ɓarna, irin V-Max na Hornady ko BlitzKing na Sierra, fatarsa siririya ce, an yi shi ne ya tarwatse da zarar ya taɓa nama. Wannan yana da amfani biyu: ƙaramar dabba ta mutu nan take, kuma harsashin da ya sami ƙasa da wuya ya yi tsalle ya nufi gonar maƙwabci. In aka harbi barewa da shi ya sami kafaɗa, sai ya fashe a kan ƙashi, ya yi faffaɗan rauni mara zurfi, bai kai huhu ba. Barewa ta gudu da ƙafa uku, ta je ta mutu a cikin kurmi bayan kwana biyu, ta zama mushe. An azabtar da dabba, an kuma yi asarar nama. Babu uzuri a kan wannan, tunda a jikin kwali an rubuta abin da aka yi harsashin dominsa.

Harsashin barewa an yi shi ne ya buɗe kamar laima amma ya riƙe nauyinsa ya ratsa. Core-Lokt na Remington, Partition na Nosler mai shamaki a tsakiya, Fusion na Federal, da TSX na Barnes mai jan ƙarfe zalla duk wannan aikin suke yi. A .243 ana zaɓar giren 90 zuwa 100 na dalma.

Mai bindiga ɗaya dole ya san cewa harsasai biyun ba sa sauka wuri ɗaya. Bambancin inci 2 ko 3 a yadi 100 ba abin mamaki ba ne, wani lokaci har da kaucewa gefe. Ko dai ya sake saiti duk sa'ad da ya sauya, ya rubuta adadin ƙwas-ƙwas ɗin da ya juya a maɓallan saitin madubi, ko kuma ya bi hanya mafi sauƙi: ya yi amfani da harsashin barewa kaɗai duk shekara. Koyoti zai faɗi da shi. Sharaɗin kawai shi ne a tabbatar akwai tudu ko ƙasa a bayan dabbar, domin wannan harsashi yana ratsawa ya wuce.

Jikin bindigar

Ga wannan aiki bindiga mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, ita ce ta fi sauƙin kulawa da daidaito. Remington 700, Savage 110, Ruger American, Tikka T3x ta Finlan, Howa 1500 ta Japan da Bergara B-14 ta Sifen duk ana samunsu a .243 ko 6.5 Creedmoor, kuma da harsashin da ya dace da su sukan tara harbi uku a cikin inci ɗaya ko kusa da haka a yadi 100. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai bambancin da ke tsakanin siririn bututu da kauri ba.

Siririn bututu mai inci 22 yana ba da bindiga mai kilo 3 ko ƙasa da haka kaɗan, mai daɗin ɗauka a kafaɗa tun asuba. Amma bayan harbi huɗu ko biyar a jere yana zafi, harsasai su fara warwatsuwa. Mai kauri mai inci 24 ko 26 yana jure zafi, nauyinsa yana kwantar da bindiga a kan buhun yashi, amma da madubi da komai sai ta tasam ma kilo 5, kuma juya ta a cikin kurmi wahala ne. Mai haɗa aiki biyu ya nemi matsakaici. Duk incin da aka rage daga bututu yana cin gudun ƙafa 25 zuwa 30.

Zafin nan ne ya sa zaman karen fili ke buƙatar bindiga ta biyu. .243 da .22-250 suna ƙona albarushi mai yawa ta ƙaramar ƙofa, wutar tana cinye maƙogwaron bututu, wato inda layukan murɗi suka fara. Daidaitonsu yakan fara raguwa a wajen harbi dubu biyu, da wuri ma in ana harbi bututu na zafi. .223 da .308 sukan ninka haka. Mai harba ɗari a shekara ba zai ga ƙarshen bututunsa ba. Mai harba ɗari uku a yini zai gani cikin 'yan tafiye-tafiye. Shi ya sayi .223 mai kaurin bututu don wancan aiki, ya bar ta barewa ta huta.

Kunama ta zama mai saki tsaf ba tare da ja-ja ba, nauyin janta wajen kilo 1.2 zuwa 1.5. Wadda ta fi haka sauƙi tana da daɗi a kan tebur, amma haɗari ce ga yatsan da sanyin Nuwamba ya ƙandarar.

Madubin saiti

Lambobi irin 3-9x40 na nufin madubin yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa 9, gilashin gabansa kuma milimita 40 ne. Sabon shiga yakan kalli babbar lambar. Mai barewa ƙaramar ya kamata ya kalla. A ninki 3 ana ganin fili mai faɗin ƙafa 33 ko kusa da haka a yadi 100. A ninki 6 rabin haka ne. Barewar da ta ɓullo a yadi 30, mai madubin 6-24x50 gashi kawai zai gani, kafin ya gane wane ɓangare ne ta ɓace.

Sai batun haske. A raba faɗin gilashin gaba da ninkin, abin da ya fito shi ne kaurin hasken da ke isa ido. 40 a raba da 9 ya ba da milimita 4.4. 50 a raba da 24 ya ba da 2.1 kacal. Ƙwayar ido da magariba tana buɗewa milimita 5 zuwa 7, don haka a ninki 24 hoton zai yi duhu a daidai lokacin da barewa ke fitowa. Ingancin gilashin da shafin da aka yi masa sun fi girmansa tasiri. Bututun madubi mai milimita 30 bai fi mai inci ɗaya haske ba, abin da ya fi shi kawai shi ne yawan filin juya saiti.

3-9x40 ya ishi barewa da koyoti zuwa yadi 300. Ga kuregen rami a wannan nisa ya yi kaɗan, layin saitin yakan rufe dabbar. 4-12x40 ko 4-16x44 su ne tsaka-tsaki, kuma 3-15 ya fi su duka in aljihu zai ɗauka. Duk madubin da ya haura ninki 10 ya kamata ya kasance da abin juyawa na gefe da ke daidaita nisa. In babu shi, an kafe madubin ne a yadi 100 ko 150, kuma a wani nisan daban, in ido ya ɗan kauce daga tsakiya, layin saitin sai ya yi kamar yana yawo a kan dabba. A kan huhun barewa wannan ba komai ba ne. A kan abu mai faɗin inci 3, kuskure ne.

Akwai madubin da layukan saitinsa ke girma tare da hoton, akwai wanda ba sa canzawa. Na biyun ya fi dacewa da farauta domin layin yana nan da kaurinsa a ƙaramin ninki da duhu-duhu. Tarkonsa ɗaya ne: ɗigogin da aka jera ƙasa da tsakiya don nesa ba sa aiki daidai sai a ninki guda, yawanci mafi girma. Wanda ya yi amfani da ɗigon yadi 300 alhali madubi na kan rabin ninkinsa, harsashi zai bi ta saman dabbar. Maɓallan juya saiti su zama masu murfi ko masu kulle, domin buɗaɗɗu sukan juya da kansu in suka gogi riga ko jaka. Tazarar ido daga madubi ta kai inci 3.5 zuwa 4, musamman a .308, in ba haka ba shuri zai fasa gira. Leupold, Vortex, Burris da Zeiss duk suna da masu waɗannan siffofi. Gara bindiga mai araha da madubi mai kyau da a yi akasin haka, domin madubin da ba ya riƙe saiti ba a gane shi sai ranar da ake buƙatarsa.

Yawancin abin da ake ɗora wa madubi laifinsa, laifin ɗauri ne. Notin mazauni ya kwance, ko an matse zobban da ke riƙe madubi fiye da kima har sun danne bututun madubin. Zobba galibi 15 zuwa 18 suke so a ma'aunin in-lb, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri ake yi, ba da ƙiyasin hannu ba. A zaɓi zobba mafi gajarta da ba za su bar gilashin gaba ya taɓa bututu ba, don kumatu ya zauna a kan gindin bindiga. A tabbatar layin tsaye yana tsaye sosai, in ya karkace harbin nesa zai riƙa kaucewa gefe.

Wajen saiti, a cire sakata, a kwantar da bindiga a kan buhun yashi, a leƙa ta cikin bututu a daidaita shi da takarda a yadi 25, sannan a juya madubi ya zo wuri ɗaya. A harba, a gyara, a koma yadi 100. A yawancin maduban Amurka kowane ƙwas yana matsar da harsashi rubu'in inci a yadi 100, a yadi 25 kuwa sai an juya ninki huɗu kafin a sami wannan matsi. A harba uku-uku, a bar bututu ya huce tsakani, a gyara daga tsakiyar ukun, ba daga harbi ɗaya ba. A .243 da harsashi mai giren 100, in ya sauka inci ɗaya da rabi zuwa biyu sama da tsakiya a yadi 100, zai zo daidai a yadi 200, ya faɗi wajen inci 7 a yadi 300. Ma'ana har zuwa yadi 250 ana ɗora layi a bayan kafaɗar barewa ne kawai a ja kunama. Lambobin kwali daga bututun gwaji na kamfani suka fito, galibi mai inci 24, saboda haka sai an je an kafa takarda a yadi 200 da 300 an ga abin da taka bindigar take yi, kuma harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne wanda za a fi lura da inda ya sauka.